Koyar Da Karatu Da Labari Cikin Zane

Ina so in jawo hankalin malamai 'yan'uwana da ɗalibai ga wata hanya ta koyar da karatu, watau ba da labari cikin zane, gida-gida a takarda, da maganar kowa rubuce kusa da bakinsa. Misalin da zan kawo daga Amurka yake.

Daga 1997 zuwa 2003 an nuna wani wasa a talabijin mai suna Buffy the Vampire Slayer, kashi 144, wanda Joss Whedon ya ƙago. Buffy 'yar makaranta ce, aikinta farautar masha-jini. Su kuwa masha-jini, a tatsuniyoyin Turawa, matattu ne masu fitowa daga kabari da dare su sha jinin rayayyu, ana kashe su da tsinin itace a zuciya. Bayan wasan ya ƙare, kamfanin Dark Horse ya ci gaba da labarin a takarda daga 2007 zuwa 2011, littafi 40, Georges Jeanty ne ya zana mafi yawansu.

To, me aka samu, me aka rasa? An sami arha, gama alƙalami ba ya tambayar kuɗi: Dawn, ƙanwar Buffy, ta zama shirgegiya har ta fi soro tsawo, abin da a talabijin sai an zuba dukiya. An rasa murya da kiɗa da motsi. Amma a ganina rashin nan shi ne ribar malami. A gida na ɗaya Buffy ta ɗaga itace, a na biyu sai toka a ƙasa. Wa ya soki dodon? Mai karatu ne, a cikin zuciyarsa. Yaron da ya iya cike wannan giɓi ya kama hanyar fahimta, ba haddar baƙaƙe kaɗai ba.

Wanda aka tura koyarwa ƙauyukan Yusufari, ko bayan Nguru da Gashuwa, ba ya bukatar lantarki don wannan, allo da alli sun isa. Ka raba allo gida shida, ka ɗauki tatsuniyar da yara suka sani, ta Dodo ko ta Gizo, ka sa ta a ƙasarsu, tsakanin tuddan rairayin Tulo-Tulo da kwarin dabino. Ka zana biyar, sa'an nan kowane yaro ya zana na shida ya rubuta jimla guda a ƙarƙashi. Kada ka damu da munin zanenka, dariyar yara ma taimako ce.

Saura gargaɗi, shi ne kuwa muhimmi. Yara za su ce a zana maye, don shi ne ya fi kusa da masha-jini a wurinmu. Kada ka yarda. Masha-jinin Buffy fuskarsa takan sāke, goshi ya tattare, fiƙoƙi su fito, ba ya kama da kowa. Wanda ake kira maye kuwa mutum ne rayayye, da sunansa da gidansa, sau da yawa tsohuwa ce marar gata. Yaro ba shi da fuskar da zai ba shi sai ta wani a unguwa, in kuwa takardar ta isa gida, magana ta fi ƙarfin aji. Ka ba su Dodo, da gashi har ƙasa da jajayen idanu, su ƙara masa ƙaho in sun ga dama.