Keken Farko

Yara, in kuka bi hanyoyin ƙasar Bagwai da sassafe, daga Gadanya ko Romo ko Rimin Dako, ba za ku rasa gamuwa da dattijo bisa tsohon keke ba. Fentinsa ya koɗe, sirdinsa ya sha ɗinki, amma yana tafiya sumul, ba ƙara. Sau da yawa irin wannan dattijo yana da halin sayen babur, watakila ma 'ya'yansa sun saya masa. Duk da haka in ka taya keken nan, sai ya yi murmushi ya ce ba na sayarwa ba ne. Me ya sa? Abin da za mu bincika ke nan a wannan darasi.

Bari mu fara da asalin keke, wanda mutanen dā ke kira basukur. A shekarar 1817 wani Bajamushe mai suna Karl Drais ya ƙera wani abin hawa na katako mai ƙafa biyu. Ba shi da feda, sai mahayi ya riƙa tura ƙasa da ƙafafunsa. Bayan shekara arba'in da 'yan kai, maƙera a birnin Faris na ƙasar Faransa suka sa feda a jikin ƙafar gaba. A shekarar 1885 wani Baturen Ingila, John Kemp Starley, ya fito da keke mai sarƙa, mai ƙafafu kusan tsawo ɗaya, irin wanda muka sani yau.

Amma har a lokacin nan hawan keke wahala ne, domin tayarsa ba ta da iska, kowane dutse sai mahayi ya ji shi a ƙashin bayansa. Akwai wani likitan dabbobi a birnin Belfast, sunansa John Boyd Dunlop. Ya ga ƙaramin ɗansa yana shan jijjiga bisa kekensa mai ƙafa uku, sai tausayi ya kama shi. Ya yi dabara ya haɗa masa taya ta roba wadda ake hura wa iska, aka kuma yi wa dabarar rajista a 1888. Kun ga ashe tayar da duniya ke hawa yau, uba ne ya yi ta saboda keken ɗansa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ciniki ya buɗe, kayan Turai suka yi ta shigowa, har da kekuna. A zamanin dalar gyaɗa, manomi yakan yi noma shekara biyu ko uku yana tari, sa'an nan ya tafi birni ya sayo keke. Wanda ya fi suna shi ne Raleigh, na birnin Nottingham a Ingila, har daga baya aka kafa masana'antar haɗa shi a Kano. Sa'an nan Phoenix ya zo daga ƙasar Sin. Ranar da sabon keke ya shigo ƙauye kuwa, yara da manya sukan kewaye shi, kowa na son ya taɓa ƙararrawa.

A ƙauye ba safai akan saya wa yaro ƙaramin keke ba. Keken farko na yaro yawanci na ubansa ne, ko na wansa, wanda aka bar masa. Da yake ƙafarsa ba ta kai feda daga kan sirdi, sai ya zura ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya, ya karkace yana tuƙi. Ya faɗi, ya kuje gwiwa, ya tashi ya kaɗe ƙura ya sāke hawa. Rannan sai ya waiwaya, ya ga wanda ke riƙe masa kariya ya sake shi tuntuni, shi kaɗai ke tafiya. Wannan rana ba ta fita daga zuciyar mutum har ya tsufa. Jiki ma ba ya mantawa: wanda ya iya keke yana yaro, ko ya shekara talatin bai hau ba, in ya hau zai tafi.

Dalili na biyu shi ne aikin da keken ya yi masa. Ku duba faifan haƙora na wajen feda, ya fi na baya girma. Saboda haka in ka juya feda sau ɗaya, ƙafar baya takan juya fiye da sau biyu. Tafiyar da mai ƙafa zai yi cikin sa'a guda, mai keke yakan yi ta cikin kamar minti 20. Ga yaron da makaranta ta yi wa nisa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da yawa ba don keke ba da sun bar karatu. Da ya girma, da keken nan ya kai taki gona, da shi ya kai hatsi kasuwar Bichi, da shi ya goya mara lafiya zuwa asibiti cikin dare. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Watari a ƙasar Bagwai, masu noman rani suka ƙaru, keke kuwa ya ɗauki tumatir da albasa ba iyaka. Bai taɓa neman fetur ba, bai nemi dusa ko harawa ba. Wanda ya yi maka wannan hidima, ai ya wuce a kira shi tsohon ƙarfe.

Dalili na uku shi ne wanda ya ba shi. Uban da ya sayi keken da guminsa watakila ya riga mu gidan gaskiya. Amma inda tafin hannunsa ya goge ƙarfe yana nan. Duk sa'ad da ɗansa ya kama wurin, sai ya tuna da shi, ya yi masa addu'a.

To, amma ku lura da abu guda. Ba kowane keke ne ke kai wa mai shi tsufa ba. Yara biyu sukan sami keke rana ɗaya, na ɗaya ya mutu cikin shekara biyu, na ɗayan kuwa jikansa ya hau. Bambancin yana ga kulawa. Mai kula yakan goge kekensa in ya dawo, ya ɗiga wa sarƙa mai, ya duba birki kafin ya fita. Ba ya hawa in taya ba iska, domin yin haka na yanka tif, ya lanƙwasa ƙafa. Ba ya barinsa cikin ruwan sama, gudun tsatsa. In ƙaya ta huda taya, nan da nan sai wurin mai faci. Ba ya ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa, ba ya tsere da shi cikin mutane.

A shekarar 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 3 ga watan Yuni ta kowace shekara ta zama Ranar Keke ta Duniya, domin abin hawa ne mai araha, mai ƙara lafiya, wanda ba ya ɓata iska da hayaƙi. Dattawanmu sun san wannan tun kafin a faɗa. Saboda haka in aka ba ɗayanku tsohon keke, kada ya raina shi don ya ga na wani yana ƙyalli. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Ya karɓa hannu biyu, ya yi godiya, ya riƙe shi amana. Wanda ya iya riƙon keke yana yaro, shi ake ba riƙon gida in ya girma.

Tambayoyi

1. Wace shekara aka fito da keke mai sarƙa irin na yau, wa kuma ya yi shi?
2. Me ya sa Dunlop ya yi taya mai iska?
3. Kawo dalilai uku da ke sa mutum ya ƙi rabuwa da kekensa na farko.
4. Faɗi abubuwa huɗu da mai kula ke yi wa kekensa.
5. Tambayi wani dattijo na garinku labarin kekensa na farko, ka rubuta shi cikin layi 10.