Amsoshin Tambayoyinku: Ina Ya Kamata Gen Ɗin Amfilifayar Mota Ya Tsaya?

Wani matashi ya rubuto daga Zariya. Ya sayi amfilifaya da wufa, wato lasifikar bas, mai wayarin ya haɗa masa su a mota, ya murɗa maɓallin da aka rubuta GAIN har ƙarshe, ya ce ta haka zai mori kuɗinsa. Ba a yi wata biyu ba lasifikun ƙofa suka fara kakari, ɗaya ma ta ƙone. Yana tambaya: ina ya kamata maɓallin ya tsaya, kuma mene ne aikin HPF da LPF da ke gefensa?

Ɗana, na ji daɗin tambayarka, don abin da ya same ka ya sami mutane da yawa. Kusan kowa yana ɗaukar gen a matsayin maɓallin ƙara murya, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda in ka murɗa shi sauti yana ƙaruwa. Amma aikinsa daban ne. Rediyon mota yana aika wa amfilifaya sauti a matsayin ɗan ƙaramin lantarki. Wani rediyon yana ba da bolt 2, wani 4, wani 5. Gen shi ne ke daidaita amfilifaya da ƙarfin abin da rediyonka yake aikowa. Rediyo mai ƙarfi yana son gen ƙasa, mai rauni yana son a ɗan ɗaga masa. Ƙarfin amfilifayar kanta ba ya ƙaruwa ko da ka kai maɓallin bango.

Ka tuna mudu a kasuwa. In ya cika, duk hatsin da ka ƙara zubewa zai yi. Haka amfilifaya take: in aka nemi ta ba da fiye da iyakarta, sai ta datse kan igiyar sautin, sautin ya fito a gurɓace. Wannan gurɓataccen sauti yana dumama siririyar wayar da aka naɗe a cikin lasifika har ta ƙone, kuma ƙananan lasifiku masu siririn sauti su suka fi saurin mutuwa. Ina zaton abin da ya kashe taka ke nan.

Yadda za ka saita shi da kunne ba wuya. Ka tada mota, domin in inji na aiki batir yana kai wajen bolt 14, a kashe kuwa bai wuce 12 da ɗoriya ba. Ka mayar da bas da tirebul na rediyo tsakiya, ka kashe duk wani abin ƙara bas, na rediyo da na jikin amfilifaya. Ka sauke gen ƙasa ƙwarai, ka ɗaga muryar rediyo zuwa kashi uku cikin huɗu. In tana ƙarewa a 40, ka tsaya a 30. Sai ka sa waƙar da ka sani kamar yunwar cikinka, wadda aka ɗauka da kyau, ka riƙa murɗa gen a hankali da ƙaramin sukudireba. Da zarar murya ta fara kaushi ko ganga ta fara fashewa, ka dawo baya kaɗan har ta washe. Nan ne wurinsa.

In kana da mitar auna lantarki, ta fi kunne gaskiya. Ka duba wat na RMS, wato ƙarfin da amfilifayar take iya riƙewa a kai a kai, ka rabu da babbar lambar da ake bugawa a kwali don jan hankali. Ka ninka wat ɗin da om na lasifikarka, sannan ka nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da sakamakon. Wat 100 sau om 4 ya zama 400, 20 sau 20 kuma 400 ne, ke nan bolt 20 kake nema. Ka cire wayoyin lasifika, ka sa mita a AC, ka kunna sautin gwaji mai has (ma'aunin kaɗawar sauti) 50 don wufa ko 1000 don lasifikun ƙofa, ka ɗaga gen har mita ta nuna 20. In lasifikar ba ta kai amfilifayar ƙarfi ba, da wat ɗin lasifikar za ka yi lissafin.

HPF da LPF kuwa su ake kira kurosoba, kuma aikinsu aikin rariya ne: gari ya wuce, tsaki ya tsaya. Has shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya. Kunnen mutum yana ji daga wajen 20 zuwa 20,000. Amon tambari yana ƙasa, na sarewa yana sama. HPF yana barin na sama ya wuce ya tare na ƙasa, don haka na lasifikun ƙofa ne. LPF yana barin na ƙasa kaɗai, na wufa ne. Ka fara da has 80 a duka biyun. In lasifikun ƙofarka ƙanana ne, kamar inci 4, ka ɗaga HPF zuwa 100 ko 120, don ba su da jikin ɗaukar bas.

Ni dai alamar da nake bi ita ce wannan: in ka zauna a kujerar direba ka ji muryar mawaƙi tana fitowa daga but, inda wufa take, LPF ya yi sama, ka sauke shi. In kuma bas ya yi rauni alhali komai na daidai, ka gwada maɓallin amfilifaya mai 0 da 180, ka bar shi a gefen da bas ya fi cika. Bayan haka ka mayar da sukudireba aljihu; daga yau maɓallin rediyo kaɗai za ka riƙa taɓawa, kuma kada ka wuce 30 ɗin nan da ka yi saiti da ita.