Kaba ita ce ɗiyar goruba: mu bar ta ta girma

Ƴan'uwa manoma, darasinmu na yau a kan goruba ne. Mu mutanen Cake da Mayahi da Tasawa mun san wannan icce sarai. Da kabarsa muke saƙa tabarma da faifai da malafa, muna tufka igiya. Yara na gurgurar ƴaƴansa. Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Tasawa da ta Mayahi, daga kaba ya samo sunansa.

Ina ake samun goruba?

Goruba iccen ƙasashe masu zafi da ƙarancin ruwan sama ne. Ana samun ta tun daga Muritaniya da Senegal, har Nijar da arewacin Nijeriya da Cadi da Sudan da Masar, har ƙasar Larabawa. Ta fi son kwari da fadama, inda ruwan ƙasa ba ya da nisa. A Masar an tarar da ƴaƴanta cikin kabarin Fir'auna Tutankamun, wanda aka gano a 1922.

Wane hali take ciki?

A lissafin masana, goruba ba ta cikin itatuwan da ke gab da ɓacewa daga duniya. Amma a nan wajenmu akwai abin dubawa. Kaba ta cika gonaki, manyan goruba kuwa suna tsufa, suna faɗuwa, masu maye gurbinsu kaɗan ne. Farin 1973 da na 1984 sun sa jama'a da yawa sun dogara ga yankan kaba don su sami na hatsi.

Mu gane abu guda: kaba ita ce ƙaramar goruba. In ana yanke ganyenta duka kowace shekara, har da tohon tsakiya, ba za ta taɓa yin gangar jiki ba. Kuma goruba akwai mace, akwai namiji. Mace kaɗai ke ƴaƴa, amma sai da garin furen namiji. In muka tsinke ƴaƴan tun suna ɗanye, babu irin da zai tsiro.

Me doka ta ce?

Goruba na cikin itatuwan da dokar daji ta Nijar ta kare. Ba a sare ta sai da izinin ma'aikatan daji. A 2020 gwamnati ta fitar da doka kan sassaben zamani, wadda ta ba manomi hakki a kan itatuwan da ya raina cikin gonarsa. Wannan dabara a jihar Maraɗi ta fara yaɗuwa, tun wajen 1983.

Me ya kamata mu yi?

1. Cikin kowane rukunin kaba, mu zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, mu sa masu alama, mu bar su su tashi.
2. In za mu yanki kaba, mu ɗebi ganyen gefe, mu bar na tsakiya.
3. Mu bar wasu ƴaƴa su nuna a kan uwa.
4. Da faɗuwar damina, mu binne ƙodago a inda muke son iccen ya zauna. Saiwarsa na nutsawa ƙasa da nisa, ba ya son a cire shi a dasa.
5. Mu shirya da makiyaya da masu yankan kaba a gaban mai gari, kowa ya san iyakarsa.

Rigakafi ya fi magani. Gorubar da muke ci yau, iyayenmu ne suka bar mana ita tun tana kaba.

Tambayoyi

1. Me ya sa kaba ba ta zama goruba?
2. Goruba nawa ke cikin gonarka?