Darasi na Goma Sha Biyu: Taron da Aka Yi Saboda Titanic

Idan kuna zaune a Legas ko Fatakwal ko Kalaba, kun saba ganin manyan jiragen ruwa. Akwai dokokin da ake bi wajen ƙera su, kuma wasu daga cikinsu sun samo asali ne daga wani taro da aka yi a Landan. Kafin mu je wurin taron, ya kamata ku san abin da ya jawo shi.

A watan Afrilu na 1912 jirgin Titanic ya tashi daga Ingila zuwa Amurka da mutane fiye da 2,200. Injiniyoyin da suka ƙera shi a birnin Belfas sun raba cikinsa gida 16 da bangayen ƙarfe. Dabararsu ita ce, ko da ruwa ya cika ɗakuna huɗu na gaba, jirgin ba zai nutse ba. Dabara ce mai kyau, sai dai bangayen ba su yi tsawo sosai ba. Da jirgin ya gogi tsaunin ƙanƙara a Tekun Atlantika cikin dare, ruwa ya shiga ɗakuna aƙalla biyar. Gaban jirgin ya sunkuya. Ruwa ya riƙa tsallaka bango zuwa bango, kamar yadda yake tsallaka kunya a gona idan an yi ruwan sama mai yawa. Kafin gari ya waye ranar 15 ga wata, mutane fiye da 1,500 sun halaka.

To, ku lura da wannan, domin shi ne abin mamaki: Titanic bai karya doka ba. Kwalekwalen ceto 20 ne a cikinsa, waɗanda ba za su ɗauki fiye da mutane 1,178 ba, alhali dokar Birtaniya ta lokacin 16 kawai ta nema. Dokar ta tsufa. Da girman jirgi take lissafi, ba da yawan mutanen da ke ciki ba. Bugu da ƙari, akwai wani jirgi a kusa mai suna Californian, amma mai kula da rediyonsa ya riga ya kwanta barci, bai ji kiran neman taimako ba.

Saboda haka a ƙarshen 1913 wakilan ƙasashe 13 suka hallara a Landan, tare da masana ƙirar jiragen ruwa da tsofaffin matuƙa. Ranar 20 ga Janairu, 1914, suka sa hannu a kan yarjejeniyar kare rayuka a teku, wadda ake kira SOLAS. Sun amince cewa dole kowane mutum a jirgin fasinja ya sami gurbi a abin ceto, manyan jirage su riƙa sauraron rediyo dare da rana, a kuma kafa masu sintirin lura da ƙanƙara. Sun kuma tsara ƙa'idojin gina bangayen hana ruwa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya hana yarjejeniyar fara aiki yadda aka so. An sabunta ta a 1929, 1948, 1960 da 1974. Ta 1974 ce, tare da gyare-gyarenta, jiragen da ke zuwa tashar Apapa suke bi a yau.

Ma'anar kalmomi
Ƙera: haɗa abu da ƙarfe.
Kunya: tudun ƙasa da manomi yake yi don shuka.
Gurbi: wurin zaman mutum ko abu.
Hallara: zo wuri ɗaya.

Tambayoyi
1. Me ya sa bangayen ƙarfe ba su ceci Titanic ba?
2. Mene ne aibin tsohuwar dokar kwalekwale?
3. Ku yi amfani da "alhali" a jimla biyu taku.