Tafiya Sansani a Jirgin Ƙasa: Jan Hankali ga Shugabannin Ƙungiyoyin Matasa

Tun shekarar 1915 da aikin sikawut ya shigo Nijeriya, fita zaman sansani ya zama wani ɓangare na horon yara da samari. A lokacin hutun makaranta akan ga ayarinsu a tashoshi, kowa da ƙunshinsa. Jirgin ƙasa ya dace da irin wannan tafiya, domin yana ɗaukar jama'a da yawa a lokaci guda, kuma shugaba yana iya sa ido a kan yaransa duka. Sai dai kayan sansani ba irin kayan fasinja na yau da kullum ba ne, kuma a nan ne matsala kan taso.

Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, ita ke tafiyar da sababbin layuka kamar na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021. Taragun waɗannan layuka na zamani ne, a rufe suke, da na'urar sanyaya iska. Wannan ya sa hukuncin kaya ya fi tsanani a kan yadda iyaye suka sani a tsohon jirgin Legas zuwa Kano.

Abu mafi hatsari shi ne makamashi. Kananzir, da fetur, da tukunyar gas ba su da wurin zama a taragon fasinja. Dalili kuwa a fili yake. Jirgi yana girgiza, murfin jarka yana iya sassautawa, tururin mai kuma ba shi da mafita a tarago rufaffe, sai dai na'ura ta yi ta zagayawa da shi a kan mutane. Tartsatsi ɗaya ya isa, alhali jirgi yana gudu a tsakiyar daji, nesa da 'yan kwana-kwana. Risho da fitilar ƙwai ma sai an juye mansu, an bar su a buɗe sun sha iska tun kwana ɗaya kafin tafiya, domin lagwani yana riƙe mai ko da tankin ya zama fanko. Kananzir ba abin wahalar samu ba ne. A saye shi a garin da aka sauka.

Sai kayan ƙarfe masu kaifi: adda, gatari, wuƙa, da turakun kafa tanti. Bayan harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, an dakatar da zirga-zirga har zuwa Disamba na wannan shekara, kuma da aka dawo an ƙara tsananta bincike. Ma'aikacin da ya ga adda a jakar yaro ba zai tsaya sauraron dogon bayani ba, kuma da gaskiyarsa. Abin da ya fi shi ne a aro irin waɗannan kaya daga reshen ƙungiya na garin da za a je, ko a aika da su ta mota. In kuwa dole ne a tafi da su, shugaba ya je tasha kwanaki kafin tafiya da takardar ƙungiya, ya bayyana wa shugaban tasha abin da ke akwai, ya kuma bi hukuncin da ya yanke.

A wannan zuwan ne zai tambayi yawan kayan da aka yarda kowane fasinja ya riƙe, da inda ake ajiye ragowar, da abin da ake biya. Ya kuma tanadi lambar shaidar ɗan ƙasa ta manyan ayarin, domin ana nemanta wajen sayen tikitin layin Abuja zuwa Kaduna.

Wajen ɗauri, gara a rarraba tanti: wannan ya ɗauki tampol, wancan sanduna a ɗaure tamau, wani igiyoyi. Ƙunshi ɗaya babba ba ya shiga maratayar kaya ta saman kujeru, sai ya ƙare a kan hanya, inda mutane za su bi in an yi gaggawar fita. Kaya masu nauyi kamar tukwane su zauna a ƙasa, kada su faɗo a kan wani. Kowane ƙunshi a rubuta masa sunan ƙungiya da lamba, shugaba ya riƙe jerin a aljihunsa.

Jirgi ba ya daɗewa a tashar tsakiya kamar Kubwa. Ayarin da zai sauka a irin wannan wuri ya tattara kayansa tun kafin isowa, manya biyu su fara sauka su karɓi kaya, ɗaya ya tsaya a baya ya duba ƙarƙashin kujeru, a kuma ƙirga yara kafin a ƙirga ƙunshi.