Darasi: Yadda Ake Hana Ruwan Damina Shiga Ɗakin Da Ya Yi Ƙasa Da Titi

Duk matashin da ke da shagon caji, ko ɗakin da ya ajiye inbata da batiran sola a Bilbis, Tsafe, Bungudu ko Gusau, ya san fargabar watan Agusta. Ruwan dare ɗaya ya isa ya jiƙa soket da caja da wayoyin da aka bar masa amana. Waya mai lambar IP68 tana jure ruwa mai tsabta na ɗan lokaci, amma caja da inbata ba su da wannan kariya, kuma garantin Apple da Samsung bai shafi ɓarnar ruwa ba.

Matsalar ta fi kama ɗakin da daɓensa ya yi ƙasa da titi, musamman inda aka ɗaga hanya bayan an gina shagon.

Yadda masu ɗakin ƙarƙashin ƙasa ke yi

A Amurka da Kanada gidaje da yawa suna da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Don haske da iska su shiga, ana haƙa ɗan rami a gaban tagar, a kewaye shi da ƙarfe ko kankare. Ramin nan tarkon ruwa ne: idan ya cika, ta taga ruwan zai kwararo. Shi ya sa ake zuba tsakuwa a gindinsa ba tare da ta kai leɓen taga ba, a kafa bututu da zai saukar da ruwan zuwa magudanar da ta zagaye harsashin gini, a rufe saman da roba mai barin haske. Inda babu gangara, sai a haɗa da ƙaramin injin jan ruwa mai tashi da kansa.

Ka'idar ita ce a nisantar da ruwa daga bango, wanda ya iso kuma a ba shi hanyar fita. Ita ce dai za ta yi aiki a shagon da ya yi kwari.

Mataki na 1: lissafin ruwan rufi

Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Rufin kwano mai mita 6 da mita 8 murabba'in mita 48 ke nan. Idan aka yi ruwa mai milimita 40, rufin zai zubo lita 1,920, kusan duro goma masu cin lita 200. Idan babu indararo da bututun da zai kai shi nesa, duk a gindin bango zai sauka, katangar ƙasa kuwa daga gindi take fara ci.

Mataki na 2: auna gangara da waya

Dokar gina gidaje da ake bi a yawancin jihohin Amurka ta ce ƙasa ta gangara kimanin santimita 15 a cikin mita 3 na farko daga bango, wato kusan digiri 3. A shimfiɗa miƙaƙƙen katako daga bango zuwa waje, a ɗora waya a kansa. Manhajar Measure ta iPhone tana da ma'aunin daidaito, masu Android kuma za su samu irinta a Play Store. Idan gangarar ta nufi ɗaki, a cika wurin da jar ƙasa a daddaɓe.

Mataki na 3: ina ruwan zai tafi?

Idan akwai kwata kusa, a haƙa 'yar lambatu zuwa gare ta, a riƙa kwashe leda da yashi kafin hadari ya haɗo. Idan babu, a haƙa ramin shanye ruwa kamar mita 5 daga gini, a cika shi da tsakuwa. Amma a fara gwaji: a cika ƙaramin rami da ruwa, a kunna agogon waya. Idan ruwan ya kwana bai tsotse ba, ƙasar laka ce, ramin ba zai yi amfani ba. Kada kuma a juya ruwan zuwa katangar maƙwabci.

Mataki na 4: kariya daga ciki

A gina ɗan tudun siminti a bakin ƙofa, a ɗora batira da inbata a kan kanta, a mayar da soket sama. Akwai ƙaramar na'ura mai batir da ake ajiyewa a daɓe, tana ƙara da zarar ruwa ya taɓa ta. Mai WiFi har saƙo take turawa waya. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, NIHSA kuma na ambaliya, abin da ya kamata mazauna kusa da kogin Sakkwato a Gusau da Bungudu su riƙa bibiya.

Idan ruwa ya riga ya shiga

Kada a taka daɓen sai an yanke wuta, ta layi da ta inbata, daga wuri busasshe. Wayar da ta jiƙe a kashe ta, kada a sa ta caji. Kamfanin Apple ya yi gargaɗi kan tusa ta cikin shinkafa, domin ɓurɓushi na iya shiga ya lalata ta. A bar ta ta sha iska, sannan a kai wa mai gyara.

Lokacin wannan aiki shi ne Afrilu da Mayu, tun ƙasa na bushe. Kuɗin tsakuwa da bututu bai kai na batirin sola guda ba.