DAGA INA KALMAR TAKARDA TA FITO?

A cibiyar yaƙi da jahilci ta Dawce, kowane ɗalibi yana riƙe da takarda. Kalmar ta zama Hausa sosai, amma baƙuwa ce. Ta yi doguwar tafiya kafin ta iso.

Mutanen Masar na dā suna rubutu a kan wata ciyawa mai fitowa a bakin kogin Nilu. Rumawa suna sayen wannan abin rubutu. A harshensu, Latinanci, suna ce masa karta. Shekaru 2000 da suka wuce, Rumawa ne suke mulkin arewacin Afirka. A can ne dangin Buzaye suka ji kalmar, suka ɗauka. A Buzanci ana sa "ta" a farkon sunan mace. Sai karta ta koma takarde. Hausawa suka karɓa daga bakin Buzaye, suka ce takarda.

Ita ma takardar ta hanyar hamada take zuwa. A ƙarni na 19, ayarin raƙuma yana ɗauko takardar Italiya daga Tarabulus. Ya biyo ta Agadas da Damagaram, ya kai Kano. Da ita malamai suke rubuta littattafai.

Kalmar ta sake shigowa ta hannun Turawa. Kati da karta ta wasa duk daga tushen nan suka fito.

Yau takarda iri-iri ce: ta haihuwa, ta asibiti, ta haraji, ta gona. Akwai katin zaɓe da katin ɗan ƙasa. Yaron da ba shi da takardar haihuwa yana shan wahala ranar jarrabawa da ranar neman katin ɗan ƙasa.

Takardar gona ita ce babba ga manomi. A ƙasar Matameye jama'a ta yi yawa, gonaki sun ƙanƙance. A 1993 Nijar ta kafa dokar karkara, aka tanadi kwamitocin filaye da ake kira Kofo. Saye ko kyauta ko aro ko jingina, a rubuta shi gaban mai gari da shaidu. Shaidu suna mutuwa, takarda tana nan.

Wanda ya iya karatu zai karanta kafin ya dangwala yatsa. Ya ajiye takardunsa cikin gwangwani mai murfi, nesa da gara da ruwa.

Tambayoyi
1. Daga wane harshe kalmar takarda ta fito?
2. Waɗanne takardu ya kamata kowane gida ya mallaka?